Tara Maimakon Goma

A ofishin nazarin laifuka babu mai kiran ta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Jan Biro ake ce mata, tun shekarar da ta mayar wa wani babban jami'i rahotonsa ya yi jawur da gyara, sai ka ce an yanka kaza a kai. Shekararta goma sha ɗaya a teburin nan na kusa da taga, kuma duk a kan kwantiragi ta yi su. Kowace shekara a miƙo mata takarda ta sa hannu, a ce an gode, sai baɗi. Aikinta babu gudu, babu bindiga. Za ta karanta abin da masu tsegumi suka kawo, ta haɗa da abin da kyamarorin hanya suka ɗauka da abin da wasu hukumomi suka aiko, sannan ta rubuta a ƙasa ko maganar ta isa a tura mutane ko ba ta isa ba. Sai dai duk ƙofar da hukumar za ta ɓalle, da sa hannunta ake ɓalle ta.

Jibi kwamitin ɗaukar ma'aikatan dindindin zai zauna, gurbi ɗaya tak ya faɗo wa sashensu. Darakta ya faɗa mata baki da baki cewa in aikin yau ya yi kyau, gurbin nata ne. Ma'aikacin dindindin yana da fansho, iyalinsa kuma suna da katin asibiti, ga Innarta da ke zaune a gidanta tun rasuwar Baba ta fi shekara tana jiran aikin ido. Da safe da za ta fito, Inna ta lalubo gefen mayafinta ta riƙe.

"Yau ne ko jibi, 'yar nan?"

"Jibi ne, Inna."

"Shekara nawa kina buga musu takardu, har yanzu ba su ga ƙoƙarinki ba? Allah Ya nuna mana."

A zaton Inna 'yarta mai buga takardu ce a injin ofis. Jan Biro ba ta taɓa gyara mata ba, don hakan ya fi sa tsohuwar barci.

Aikin na yau a wata masana'antar abincin kaji ne da ke bakin gari. Ana zargin bindigogi na shigowa a ƙarƙashin buhunan masara, cikin wata babbar mota mai zuwa lokaci-lokaci. Da ƙarfe tara kyamarar kan gada ta ga motar ta wuce. Da ƙarfe biyu, lokacin da ake tsakiyar sauke kaya, Kwamanda zai dira da mutum goma sha huɗu, kowa da makami a hannu. A irin wannan lokacin akwai leburori wajen talatin a ciki, har da mata masu ɗinke bakin buhu.

Dokar gidan ɗaya ce a kan irin wannan fita, kowa ya haddace ta. Ba a tura masu makami sai maganar ta zo ta hanya uku da ba su san juna ba. Ƙafa uku ake ce mata a ofis. Ƙafar farko a wannan fayil wani tsohon leburan masana'antar ne da aka kora, ya zo ya rantse ya ga akwatunan da idonsa. Ta biyu kyamarar gada, wadda ta nuna motar na zuwa a kan tsari. Ta uku kuwa rahoto ne daga hukumar da ke can tsallaken titi, wadda kowa a nan yake kira Maƙwabta. Su suka rubuto cewa wata majiyarsu mai tushe ta tabbatar ana shigo da makamai masana'antar nan. Wannan rahoton ne ya sa Jan Biro ta sa hannu a makon jiya, ta rubuta "tabbaci mai ƙarfi" da babban baƙi.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata tana karanta fayil ɗin karo na ƙarshe, don da sha biyu da rabi za ta hau bene ta yi bayani. Ba don tana shakka ba, hali ne kawai, kamar mai komawa ta taɓa kwaɗon ƙofa bayan ta san ta kulle. A shafi na biyu na rahoton Maƙwabta idonta ya tsaya. Sun rubuta cewa motar na zuwa duk bayan kwana tara.

Motar kuwa duk bayan kwana goma take zuwa. Jadawalin kyamara na gabanta, goma ne cif-cif. Ta ga wannan bambancin tun ranar da rahoton ya iso, ta ce a ranta mai tsegumi ba agogo ba ne, kwana ɗaya ba komai, ta wuce. Yau kuwa taran nan ta ƙi wucewa. Ta ji kamar ta san ta a wani wuri.

Ta koma can ƙasan fayil ta zaro takardarta ta farko, 'yar gajeruwa, wadda ta rubuta lokacin da ranakun zuwan motar biyu kawai take da su, ashirin da uku ga wata da biyu ga wata mai biye. Ta lissafa a ka, ta ɗauka watan kwana talatin ne, alhali talatin da ɗaya ne. Ga shi nan da rubutunta: duk bayan kwana tara.

Ta zauna ta zuba wa takardun biyu ido.

"Kawu, zo ka gani."

Kawu shi ne tsohon da ya koya mata aikin, teburinsa na manne da nata har sai ya ja kujera take samun hanyar fita. Ba su haɗa dangi ba, amma ofis gaba ɗaya Kawu ake ce masa. Shekararsa talatin da ɗaya a aiki, saura wata uku ya yi ritaya, kuma ya fara kwashe littattafansa ɗaya-ɗaya don kada ranar ta zo masa da nauyi. Ya miƙo wuya da kofin shayi a hannu ya karanta.

"Tara, goma. A kan kwana ɗaya za ki ɗaga mini hankali? Ni da ko shekaruna ba na riƙewa daidai."

"Kawu, wanda yake tsaye yana ganin motar ba zai ce tara ba. Tara ba ta taɓa faruwa ba. Babu inda take a duniya sai a takardata."

Kawu ya ajiye kofin a hankali. Ya sake karantawa, wannan karon da yatsa a kan layi.

"Takardar taki ta fita daga ginin nan?"

Ta buɗe rajistar aike a kwamfuta. Ta fita. Ofishin hulɗa ya tura wa Maƙwabta kwafinta kwana biyu bayan ta rubuta, da tambayar da ake yi kullum: ko kuna da wani abu a kan wannan? Bayan mako uku rahotonsu ya iso.

Ta ɗauki wayar tebur ta kira takwaranta na can, wani da take kira Mai Tabarau, wanda suka taɓa yin kwas tare. Ya ɗauka da fara'a, ya fara tambayar Inna da jiki. Ta katse shi.

"Rahotonku na masana'antar abincin kaji. Majiyar nan taku, wace ce?"

"Haba, ke ma kin san ba a tambayar wannan."

"Ba suna nake nema ba. Abu ɗaya za ka faɗa mini, don Allah. Majiyar tana tafiya da ƙafa, ko a ambulan ta zo?"

Tana jin ƙarar madannan kwamfutarsa, tana jin fankar ofishinsu na juyawa. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti goma.

"Wanda ya rubuta sabon zuwa ne teburin," in ji shi a ƙarshe, muryarsa ta sauka. "A rumbunmu ya tsinci maganar. An shigar da ita da cewa daga wata hukuma 'yar'uwa, abin dogaro."

"Wace hukumar?"

"Ba a rubuta ba. Amma ranar da aka shigar... kai. Innalillahi. Ni ban faɗa miki komai ba fa."

Ta ajiye wayar. Abin ya fito fili, babu sauran kame-kame. Maganarta ce ta tsallaka titi, ta yi mako uku a rumbun wasu, aka sa mata sabuwar riga aka dawo mata da ita, ita kuma ta tarbe ta da murna ta ce ga shaida. Kyamara kuwa ba ta taɓa ganin bindiga ba, mota ta gani, kuma masana'antar abincin kaji dole mota ta kawo mata masara. Ƙafa ɗaya ce ta rage, korarren lebura mai jin haushin wanda ya kore shi. Yana iya zama gaskiya ya faɗa. Yana iya zama fansa yake nema.

Kawu ya tashi ya tura ƙofar ɗakin, ya dawo ya jawo kujerarsa kusa da ita.

"Ki saurare ni, 'yata. Wa ya san wannan?"

"Ni da kai. Sai Mai Tabarau."

"Shi ba zai buɗe baki ba, kansa yake karewa. To, ki duba. In an shiga an samu bindigogi, babu mahaluƙin da zai tambayi ƙafa nawa ce. In ba a samu ba, a ce majiyar Maƙwabta ce ta yi ƙarya, su kuma su ce sirri ne, magana ta mutu. Ta kowace hanya jibi kina da gurbinki."

"In kuma wani lebura ya firgita ya ruga, wani ya danna kunamar bindiga fa?"

"Kwamanda ya san aikinsa."

"Kawu, da bakinka ka koya mini ƙafa uku."

"Da bakina. Kuma da bakin nan nake gaya miki yadda na kai shekara talatin da ɗaya a kujerar nan." Ya shafa furfurarsa. "Kin ga masu gaskiya da yawa sun zo sun wuce ta ɗakin nan. Ina suke? Ɗaya yana sayar da tayoyi. Aikin nan ba wanda ya fi kowa iyawa ke daɗewa ba, wanda ya san ranar da zai yi shiru ne."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta shige ta. Ta san yana ƙaunarta kamar 'yar cikinsa. Ta tuna hannun Inna na lalube a gefen mayafinta, ta ji tsoro na gaske. Shekararta arba'in da uku. In aka sallame ta daga nan, ina za ta kai sana'ar da ba a yarda ta faɗa wa kowa ta iya ba? Ta rufe fayil ɗin. Ta ma sa shi a gefe, ta ɗauki kofinta ta je ta zuba ruwa ta sha a tsaye.

Ta tagar wajen ruwan ana hango harabar baya. Mutanen Kwamanda sun fara fitowa, suna ɗaura rigunan sulke, wani na gwada ƙarfen ɓalle ƙofa a hannu yana dariya. Akwai wani a cikinsu da bai fi wata huɗu da gama horo ba, sai gyara madaurin hularsa yake yi, ya kwance ya sake ɗaurewa. Ta tsaya tana kallon hannunsa.

Ta dawo teburinta. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta layi shida, ta sa lokaci a sama, ta buga, ta sa hannu. Kawu ya leƙa ya ga kan takardar, janye tabbaci, ya girgiza kai ya ja kujerarsa.

Ɗakin bayani na hawa na biyu. Dogon tebur ne, da taswirar masana'antar a bango an zana kibiyoyi ta ƙofa uku. Darakta na zaune a kan gaba, mutum ne mai tsafta da magana a hankali, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don ba su taɓa buƙata ba. Kwamanda na tsaye, don shi zama ciwo yake sa masa, da shugabannin rukuninsa uku a bayansa.

"Ga gwanarmu," in ji Darakta. "Minti biyar, ki ba su abin da suka riga suka sani."

"Yallaɓai, ina neman magana da kai kaɗai."

"Babu lokaci. Duk na gida ne, faɗi."

Ta ajiye takardu uku a jere a gabansa, takardarta ta farko, jadawalin kyamara da rahoton Maƙwabta, ta nuna taran, ta nuna goman. Ta yi bayani kamar yadda ta saba, daki-daki. Kuskuren nata ne, ta ce, sau biyu, na lissafi da na rashin bin diddigi. Sannan ta ɗora takarda ta huɗu a kai.

Darakta ya karanta layi shidan har sau biyu.

Kwamanda ne ya fara magana. "Tsaya in gane. Babu bindigogi ke nan?"

"Ban ce babu ba."

"To akwai?"

"Ban sani ba, Kwamanda."

"Ba ki sani ba!" Ya buga tafin hannu a tebur har biro ya yi tsalle. "Mako biyu mutanena suna kwance a kangon gini sauro na cin su, suna gadin wurin nan. Motar tana ciki yanzu haka da nake magana. Saura awa ɗaya da rabi, sai yanzu za ki ce ba ki sani ba? Makon jiya fa?"

"Makon jiya na ɗauka na sani."

"A kan kwana ɗaya! Wallahi ku mutanen tebur sai a bar ku. Yau kika fara jingina da takardun Maƙwabta? Ko sauran duk daidai suke tunda sun riga sun wuce?"

Darakta ya ɗaga hannu, Kwamanda ya ja baya yana huci.

"Malama," in ji Darakta a hankali, kuma bai taɓa ce mata Malama ba sai yau. "Lebura ya rantse ya gani. Kin ƙaryata shi?"

"Ban ƙaryata shi ba, Yallaɓai. Mutum ɗaya ne, kuma korarre. A ba ni kwana goma, zuwan mota na gaba, in nemo ƙafa ta gaske."

"In yau ne zuwan ƙarshe fa?"

"To mun rasa su."

"Mun rasa su," ya maimaita, kamar yana ɗanɗana kalmar. Ya tura mata takardar janyewar da ɗan yatsa har gabanta. "Ban ga wannan ba tukuna. Ki ɗauke ta ki koma ƙasa. Duk abin da ya faru, ni na ɗauki nauyi. Kin san abin da ke gabanki jibi, ba sai na tuna miki ba."

Takardar na nan a gabanta, ɗaukarta bai fi miƙa hannu ba. Ta ji idanun mutum biyar a kanta. Hannun nata ma ya motsa, sai ta haɗa shi da ɗayan ta riƙe a bayanta.

"Yallaɓai, in kai za ka ɗauki nauyi, doka ta ba ka dama. Darakta na iya ba da umarnin fita da sa hannunsa shi kaɗai. Fom ɗin na bayan fayil. Nawa hannun dai na janye."

Wani daga cikin shugabannin rukuni ya sunkuyar da kai. Darakta ya juya fayil ɗin, ya zaro fom ɗin, ya cire murfin bironsa. Kwamanda ya matso. Bakin biron ya sauka kan layin har ya yi ɗigo. Nauyi a baki abu ne mai sauƙi, kowane babba yana ɗaukarsa sau goma a rana. A takarda kuwa, inda lauya zai zo ya karanta wata rana, Darakta ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Sannan ya mayar da murfin.

"A sauke mutane, an fasa fita," ya ce. "Masu gadi su ci gaba da kallo."

Kwamanda ya cire hularsa ya fita, ƙofar ta bugu da bango.

Da ƙarfe uku da 'yan mintuna ya shigo ɗakinsu ba sallama. Ya ajiye rediyon hannu a kan teburinta, a kan takardunta, ya ƙara murya. Mai gadi ne yake magana daga kangon gini: an gama sauke kaya, wata ƙaramar mota rufaffiya ta shiga ta baya, ta yi minti goma sha biyu, ta fito, ta yi gabas. A bi ta? Ba a ba da umarni ba. Ta ɓace.

"Kin ji?" in ji Kwamanda. "Wataƙila buhun dusa ta ɗauka. Wataƙila kuma ba shi ba. Ranar da aka harbe wani da abin da ke cikin motar nan, ni da kaina zan kawo miki hotonsa ki sa a fayil."

Ya ɗauki rediyonsa ya tafi. Ba ta ji haushinsa ba, don yana iya zama shi ke da gaskiya, kuma babu ranar da za ta sani. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ba a jima ba sakatariyar Darakta ta leƙo, ta ajiye ambulan ta fice da sauri kamar ɗakin na da cuta. An cire sunanta daga jerin kwamitin jibi. Batun kwantiraginta kuma za a duba idan lokacin ya yi. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a jaka. Hawaye ya taho, ta mayar da shi. Kawu ya zuba mata shayi ya tura mata, bai ce na gaya miki ba, ta kuwa gode masa a ranta.

Da ta bar abin a nan, da ta koma gida da ciwo ɗaya. Amma tambayar da Kwamanda ya jefa mata a sama ta ƙi barin kunnenta. Ta buɗe rajista ta koma baya shekara biyar, tana neman duk fayil ɗin da ta sa wa hannu wanda rahoton Maƙwabta ne ƙafarsa ta uku. Huɗu ta samu. Ta sauka rumbu ta ɗauko su da kanta.

Na farko lafiya lau, rahotonsu ya riga takardarta fita. Na biyu ma haka. Na uku akwai hoto da suka ɗauka da kansu. Ta fara samun numfashi.

Na huɗu na wani direban motar haya ne, da aka kama bisa zargin yi wa ɓarayin shanu jigilar makamai. Ba a samu komai a motarsa ba, amma shaidar mai tsegumi da rahotanni sun isa kotu. Shekara bakwai aka yanke masa, ya ci wata goma sha huɗu. A takardarta ta farko ta jera garuruwa uku da ake zargin yana zuwa. Biyu mai tsegumi ne ya faɗa. Na ukun ita ta ƙara da hasashe, don yana kan hanya, ta sa masa alamar tambaya. An tura wa Maƙwabta takardar. Bayan kwana goma sha tara rahotonsu ya zo, da garuruwan uku a jere yadda ta jera su. Alamar tambayar ce kawai ta faɗi a hanya.

Hoton direban na manne a shafin farko. Mutum ne mai faɗin goshi, ya buɗe ido sosai kamar wanda aka ce kada ya ƙifta. A ƙasa an rubuta mata ɗaya, 'ya'ya huɗu.

Ba ta kira Kawu ba, shi ya ga fuskarta ya miƙo hannu. Ya karanta takardun biyu, ya juya zuwa shafin ƙarshe. Ya daɗe a wurin. A lokacin shi ne babba a ɗakin, sa hannunsa na ƙarƙashin nata.

"Wannan kam ki rufe shi," ya ce, muryarsa ta dushe. "Na ɗazu gurbi ya ci miki. Wannan kwantiragin zai ci, ya haɗa da kotu, ya haɗa da jarida. Ya haɗa da ni. Wata uku ya rage mini, 'yata. Wata uku. Ki bari in fita tukuna, sannan ki yi abin da za ki yi."

Tunda take da shi bai taɓa roƙon ta komai ba. Tausayinsa ya kama ta. Wannan tsohon ne ya zauna da ita wata shida yana koya mata karanta rahoto, shi ya je jana'izar Baba ya tsaya har aka watse. Wata uku ba wani abu ba ne, kamar gobe ne.

"Kawu," ta ce, "wata ukun nan, shi direban a ina zai yi su?"

Kawu ya cire tabarau ya riƙe a hannu yana kallon tebur.

Biyar saura minti goma. Ta taga ta ga motar Darakta na nan a inuwa, direba ya fara goge gilashi. Ta haɗa takardun ta mayar cikin fayil, ta rungume shi a ƙirji ta miƙe. Hanyar fita ɗaya ce, ta bayan kujerar Kawu, kuma yana zaune a kai. Ta tsaya. Ba ta ce ya matsa ba.

Sun kai minti guda a haka. Sannan kujerar ta yi ƙara a kan siminti, Kawu ya ja ta gaba har cikinsa ya taɓa tebur. Bai ɗago ya dube ta ba.

A hawa na biyu sakatariya na rufe durowa, jakarta a kafaɗa. Ta ga fayil ɗin, ta ga mai riƙe da shi.

"Ke ce kuma?"

"Ni ce. Ki ce masa kada ya tafi tukuna, akwai mutum a kurkuku."